Me ya sa yuropiyam ke haskawa da TTA, tarbiyam kuma ya ƙi?

Aminu: Assalamu alaikum malamaina. Tambayoyi biyu ne da ni, kuma ina zaton tushensu ɗaya. Ta farko: ligan ɗin nan TTA (ligan shi ne sinadarin da ke manne wa ƙarfe), na dangin beta-dayikiton, idan aka haɗa shi da Eu³⁺ (yuropiyam) da wani ligan, fenantirolin, garin da ake samu yana ba da haske ja jawur a ƙarƙashin fitilar UV ta 365 nm. Amma a bi hanyar nan sak da Tb³⁺ (tarbiyam), gari ya fito fes, sai dai koren da ake jira babu shi, ko a gan shi dishi-dishi. Ƙarafan nan maƙwabta ne a jadawali, 63 da 65, girmansu kusan ɗaya. Ta biyu: shi kansa haɗin yuropiyam ɗin, da ya shiga ruwa sai haskensa ya faɗi warwas. Laifin ligan ne, ko na ƙarfe, ko na hanyar haɗawa?

Farfesa Garba: Wa alaikumus salam Aminu. Kusancinsu a girma shi ne ya ruɗe ka. Girma yana faɗa maka yadda ligan za su zauna a jikin ƙarfe, ba ya faɗa maka inda matakan kuzarinsa suke.

Kowane Ln³⁺, wato ƙarfen dangin lantanaid mai caji +3, yana da tsarin ilektiron [Xe]4fⁿ. Eu³⁺ 4f⁶ ne, Gd³⁺ 4f⁷, Tb³⁺ 4f⁸. Obital ɗin 4f suna can ciki, 5s² da 5p⁶ da suka cika sun lulluɓe su, don haka ligan ba ya taɓa su sai kaɗan. Dubi ƙarfin abubuwa uku da ke tsaga matakan. Turereniyar ilektiron da ilektiron tana raba su da kimanin 10,000 cm⁻¹ (cm⁻¹ ma'aunin kuzari ne a nan). Cuɗanyar juyin ilektiron da kewayensa tana raba su da kimanin 1,000. Filin ligan kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Gwada wannan da ƙarafan d irin su kobalt da kuromiyam, inda filin ligan shi kaɗai kan kai 10,000 zuwa sama da 20,000 cm⁻¹. Shi ya sa layukan hasken lantanaid sirara ne, kuma ko ka canza ligan wurinsu ba ya gusawa sai ɗan kaɗan. Matakin da haske ke fitowa daga gare shi, ⁵D₀ na yuropiyam, yana nan wajen 17,250 cm⁻¹, ⁵D₄ na tarbiyam yana wajen 20,500, a ruwa ko a gilashi ko a gari.

Kariyar nan tana da farashinta. Tsalle daga f zuwa f haramtacce ne a dokar Laporte, saboda haka ƙarfen ba ya shan haske da kansa. Ƙarfin shansa yawanci bai kai 10 M⁻¹cm⁻¹ ba, sau da yawa ma ƙasa da 1. TTA kuwa yana sha da sama da 10,000 a wajen 340 nm. To ligan ne eriya: ya sha haske ya hau matakin kuzarinsa na sama, singilet, ya gangaro na ƙasa da shi, tiriflet, ya miƙa wa ƙarfe. Weissman ya bayyana wannan tun 1942. Kuzari kuma gangare yake bi, ba ya hawa tudu sai da taimakon zafi. Tiriflet ɗin TTA yana wajen 20,400 cm⁻¹. Ɗora wannan adadi kusa da biyun da na ba ka a sama, za ka ga amsar tambayarka ta farko.

Aminu: Allah ya ƙara sani, ranka ya daɗe. Wato a yuropiyam akwai gangaren fiye da 3,000 cm⁻¹, a tarbiyam kuwa kafaɗa da kafaɗa suke.

Farfesa Garba: Haka ne. Kuma ba wai kuzarin ba ya isa ga Tb³⁺ ba ne. Yana isa, ya dawo. Ƙarfen yana riƙe kuzari na kusan milisakan guda, lokaci mai tsawo ƙwarai a wannan fage, kuma kuzarin zafin ɗaki, kT a 298 K, ya kai 207 cm⁻¹. Idan tazarar 400 cm⁻¹ ce, lissafin Boltzmann na damar komawar kuzari ga ligan yana ba da kusan ɗaya cikin bakwai. Idan ta kai 1,850, ya koma kusan ɗaya cikin dubu takwas. Daga nan ne ƙa'idar Latva da abokan aikinsa ta 1997 ta samo ma'ana: tiriflet ya ɗara ⁵D₄ da aƙalla 1,850 cm⁻¹. Kana son kore, nemi asetil'aseton mai tiriflet sama da 25,000, ko dayifikolinet mai kusan 27,000.

Malam Idi: Farfesa ya yi gaskiya, amma kafin a ɗora wa tiriflet laifi a tabbatar abin da ke cikin kwalba shi ne abin da aka rubuta a jikinta. Yawancin haɗin da "ya ƙi haskawa" haɗi ne da bai haɗu ba. Ga ma'auni na milimol ɗaya na Eu(TTA)₃phen (phen shi ne fenantirolin):

HTTA, wato TTA kafin ya saki haidirojin ɗinsa, giram 0.667, milimol 3 ke nan, da fenantirolin mai ruwa ɗaya giram 0.198, a narkar da su a itanol mililita 20. A ɗiga NaOH mai ƙarfin 1 M, mililita 3, a hankali ana juyawa. A gefe guda a narkar da EuCl₃·6H₂O giram 0.366 a ruwa mililita 5 zuwa 10, sannan a ɗiga shi cikin na farko, zafi wajen digiri 60. pH ya tsaya tsakanin 6 da 7. A ci gaba da juyawa awa biyu, a bari ya huce, a tace, a wanke da ruwa don NaCl ya fita, a bi da ɗan itanol mai sanyi, a busar a mazubi marar iska. Nauyin mol ɗin haɗin kusan 996 ne, to da ya fito duka da kusan giram guda za a samu.

Inda ake tuntuɓe:

NaOH ya yi yawa, ko a zuba shi bayan ƙarfe ya riga ya shiga. Da pH ya haura 7, haidiroksaid ɗin ƙarfen ya fara kwanciya, fari ne shi ma, ya gauraye da gari ba a gane ba. Alamarsa ita ce ragowar da ta ƙi narkewa a aseton ko kulorofom. Shi ma HTTA, saboda CF₃ da ke jikinsa, alkali mai ƙarfi da zafi suna tsinka shi.

NaOH ya yi kaɗan, ligan bai saki haidirojin ɗinsa ba, abin da zai kwanta ɗan kaɗan ne, ko ya fito kamar danƙo.

Gishirin ƙarfen yana tsotsar danshi daga iska. Kana auna 0.366, alhali wani kaso ruwa ne. A tantance shi da EDTA, sinadari mai kama ƙarfe, da zailinol oranj a matsayin manuni, a pH 5.5 zuwa 6, launi ya juya daga ja mai ruwan shuni zuwa rawaya.

Ga mai fara na tarbiyam daga oksaid: Tb₄O₇ ne, mai duhun ruwan ƙasa, domin akwai Tb⁴⁺ a ciki. Ba ya narkewa da sauƙi kamar Eu₂O₃. A dafa shi a HCl ana ɗiga H₂O₂ har ruwan ya washe tas, sannan a ƙafar da rarar asid ɗin. Wanda ya tsallake ƙafarwar nan, asid ɗin zai cinye NaOH ɗinsa, lissafin 3 ga 1 ya rushe.

Dakta Rabi: Malam Idi, Allah ya saka. Ni kalmar "ya faɗi warwas" a tambayar Aminu ce ta tsaya mini. Da me aka auna? In da ido ne, to ido ba mudu ba ne. Hasken da kake gani ninkin abubuwa uku ne: yawan abin da ligan ya sha, kason da ya isa ga ƙarfe, da kason da ƙarfen ya fitar a matsayin haske maimakon zafi. Kowannensu zai iya lalacewa shi kaɗai, maganinsu kuma daban-daban ne. Abin da ke raba su shi ne auna tsawon ran hasken, τ, domin shi bai damu da yawan abin da aka sha ba. Idan haske ya ragu amma τ na nan, eriya ce ta samu matsala ko ta rabu da ƙarfe. Idan τ ya gajarta, a jikin ƙarfen ake satar kuzarin.

A ruwa ɓarawon sananne ne, jijjigar O–H. Tazarar ⁵D₀ da matakin da ke ƙarƙashinsa, ⁷F₆, kusan 12,300 cm⁻¹ ce. O–H na jijjiga a wajen 3,450. Uku zuwa huɗu sun cike ramin. O–D na ruwa mai nauyi, D₂O, wanda diyuteriyam (D) ya maye gurbin haidirojin a cikinsa, yana wajen 2,500, sai an tara biyar, kuma duk ƙarin guda ɗaya yana rage saurin satar sosai. Shi ya sa Eu³⁺ tsirara a H₂O yake da τ na kimanin 0.11 ms, a D₂O kuwa ya haura 3 ms. Tarbiyam yana da tazara mai faɗi, kusan 14,800, don haka a H₂O yana kaiwa wajen 0.4 ms. Wato a batun ruwa ya fi yuropiyam juriya, a batun komawar kuzari ga ligan ya fi shi rauni.

Bambancin nan ya zama ma'auni. Horrocks da Sudnick a 1979 suka fitar da q = A(1/τH₂O − 1/τD₂O), A na yuropiyam 1.05, na tarbiyam 4.2, q kuma yawan ƙwayoyin ruwan da ke manne da ƙarfe. A 1999 Beeby da abokan aikinsa suka gyara don cire tasirin ruwan da ke kewaye bai manne ba: na Eu, q = 1.2(Δk − 0.25), na Tb, q = 5(Δk − 0.06), inda Δk shi ne 1/τH₂O − 1/τD₂O. Idan akwai N–H na amid da ke manne, a Eu ana ƙara cire 0.075 kan kowanne.

Aminu: Dakta, bari in gwada. A ce τ a H₂O 600 ne, a D₂O 2,000. 1/600 a cire 1/2,000 ya ba da 0.00117. In na cire 0.25 sai q ya fito ƙasa da sifili. Ina na kauce?

Dakta Rabi: A maikirosakan ka saka, ƙanena. Lissafin na milisakan ne. 1/0.60 = 1.67, 1/2.0 = 0.50, Δk = 1.17. Sabon lissafi ya ba da 1.1, tsohon ya ba da 1.2, ruwa ɗaya ke nan. Kada ka riƙe abin da ke bayan ɗigo da ƙarfi, kuskuren tsohon lissafin ya kai rabin ƙwayar ruwa. Inda gyaran ke da amfani shi ne haɗin da ba shi da ruwa ko ɗaya: a ce 1.6 ms da 3.0 ms, Δk 0.29, tsohon ya ce 0.3, sabon ya ce 0.05.

Kuma a lura da D₂O ɗin. Yana shan danshin iska, sannan in garin da ka zuba yana ɗauke da H₂O a jikinsa ka gurɓata shi. A narkar a D₂O, a busar, a maimaita sau biyu ko uku kafin awo.

Malam Idi: Ƙari kan wannan. Aikin fenantirolin ke nan tun farko. Eu³⁺ yana son maƙale takwas ko tara, TTA uku sun ba shi shida, ruwa biyu su cike sauran, a samu Eu(TTA)₃(H₂O)₂. Fenantirolin ya kori ruwan biyu da naitirojin ɗinsa biyu, τ ya ninka fiye da sau biyu. Amma haɗin beta-dayikiton ba na ruwa ba ne sam. Ɗaurin lantanaid da ligan kusan duka jan caji ne, yana kwancewa yana ɗauruwa. A tsarma shi sosai a ruwa, ko ma a metanol ko DMSO, fenantirolin ya fara fita, TTA ya bi baya. To a amsar tambayarka ta biyu abu biyu ne suka haɗu: ruwa ya manne, eriya kuma ta tafi. Mai son aiki a ruwa sai ya koma ga ligan masu kama ƙarfe ta ko'ina, DTPA, ko zoben DOTA, ko kejin kiriftan irin na Lehn, a ɗaura eriya a jikinsu.

Kuma kada a kuskura a yi amfani da bofa, wato ruwan daidaita pH, ta fosfet. LnPO₄ ba ya narkewa, zai janye ƙarfen daga ligan mai rauni. HEPES ko Tris a pH 7.4 sun fi. Kabonet da sitiret su ma suna korar ruwan da ke manne su ɓata maka lissafin q.

Hauwa: Ina neman afuwar Farfesa, ina da ja kaɗan kan yadda ake ɗaukar ƙa'idar tazarar tiriflet kamar doka. An ciro ta ne daga rukunin ligan da aka gwada, ba daga tushen lissafi ba. Akwai ligan da tiriflet ɗinsu ya zauna daidai wurin da ake so, tsakanin 2,500 da 4,000 cm⁻¹ sama da ⁵D₀, amma yuropiyam ya yi shiru. Dalili shi ne Eu³⁺ yana karɓar ilektiron cikin sauƙi ya koma Eu²⁺, domin 4f⁷ rabin cika ne, ƙarfin ragewarsa kusan −0.35 V kawai. Idan ligan mai saurin ba da ilektiron ne, kamar mai fenolet ko anilin, sai a samu matakin ƙaurar caji daga ligan zuwa ƙarfe, LMCT, a ƙasa-ƙasa. In ya sauko ƙasa da wajen 25,000 cm⁻¹ ya zama magudana, kuzari ya bi ta nan ya zama zafi. Tb³⁺ ba ya karɓar ilektiron haka. Shi ya sa salisilet ke ba da kore mai kyau da tarbiyam, ya bar yuropiyam a duhu. Akasin tambayar Aminu ke nan, kuma tiriflet ba shi da hannu a ciki.

Sannan ⁵D₀ ba shi ne kaɗai mai karɓa ba. ⁵D₁ yana wajen 19,000, ⁵D₂ wajen 21,500. Dokokin zaɓe sun fi sauƙaƙa miƙawa daga ⁷F₀ zuwa ⁵D₁ ta musayar ilektiron, daga nan ya gangaro ⁵D₀. To TTA da ⁵D₁ ya fi yin ciniki. Akwai kuma eriyar da ke miƙawa kai tsaye daga singilet ko daga matakin ƙaurar caji na cikin ligan.

Farfesa Garba: Babu afuwar da za a nema, Hauwa, gyara ne mai kyau. Ƙa'idar ta share fage ce, tana gaya maka ligan da bai kamata ka ɓata lokaci a kansa ba. Ba ta yi alkawarin wanda ya tsallake zai haska ba. Sai dai a tambayar TTA da tarbiyam ba a buƙatar wani bayani bayan ta.

Hauwa: Na yarda. Kuma ana iya tabbatarwa ba tare da gardama ba. A sanyaya haɗin tarbiyam ɗin zuwa 77 K. In komawar kuzari ce, kT ya faɗo zuwa kusan 54 cm⁻¹, τ ya tsawaita, kore ya ƙaru. Gwaji na biyu, a kore oksijin daga ruwan haɗin da agon na minti 15 zuwa 20. Oksijin ba ya kashe 4f kai tsaye sosai, tiriflet yake kashewa. In τ na ƙarfe ya canza da aka cire iska, to kuzarin yana kai-komo tsakaninsa da ligan.

Aminu: To shi tiriflet ɗin sabon ligan, wanda babu adadinsa a rubuce, yaya ake samunsa? Lissafin kwamfuta ya wadatar?

Dakta Rabi: A auna shi. A yi haɗin gadoliniyam da ligan ɗin ta hanya ɗaya. Gd³⁺ girmansa tsakanin na Eu da Tb yake, siffar haɗin za ta zo ɗaya, amma matakinsa na farko, ⁶P₇/₂, yana can wajen 32,000 cm⁻¹, ligan ba zai iya miƙa masa ba. Ilektiron bakwai marasa abokai kuma suna taimaka wa singilet ya koma tiriflet. Sai ligan ya fitar da nasa hasken. A narkar a abin da ke daskarewa garau kamar gilashi, itanol da metanol 4 ga 1 ya yi, a tsoma a ruwan naitirojin, a sa jinkiri na wajen 0.1 ms bayan walƙiyar fitila don hasken singilet ya mutu. Tsinin farko ta ɓangaren gajeren zangon haske shi ne 0–0, wanda ke ba da kuzarin tiriflet. A raba 10,000,000 da nanomita: 490 nm ya ba da 20,408 cm⁻¹. Kada a ɗauki tsini mafi tsawo, yawanci na biyu ne, zai rage maka fiye da 1,000 cm⁻¹.

Gishirin gadoliniyam ya zama mai tsarkin 99.99 cikin ɗari. Ɗan ɓurɓushin yuropiyam a ciki zai fito da siririn layi a 612 nm a kan faffaɗan hasken ligan.

Hauwa: Lissafi yana taimako, amma a san iyakarsa. DFT na yau da kullum, hanyar lissafin ilektiron a kwamfuta, ba ya iya riƙe 4f da bai cika ba, domin 4f⁶ kaɗai yana da yanayi 3,003. Don siffar haɗi da matakan ligan, a tura 4f cikin cibiya da ECP (madadin ilektiron na ciki a lissafi) mai babbar cibiya, na Stuttgart mai ilektiron 52 ga Eu³⁺, ko a musanya ƙarfen da Y³⁺ ko Lu³⁺. A daidaita siffar tiriflet ɗin kanta, a ɗauki bambancinta da matakin ƙasa, wannan ya fi kusa da 0–0 fiye da tsallen tsaye na TD-DFT. Salon DFT na B3LYP yana saukar da matakan ƙaurar caji ƙasa da inda suke, a duba da CAM-B3LYP. Matakan 4f kansu sai wata hanyar lissafi, CASSCF, ilektiron 6 a obital 7, da cuɗanyar juyi da kewaye a kai. Saiwoyin, wato matakan da lissafin zai nemo, su ne 7 masu ninki bakwai, 140 masu biyar, 588 masu uku, 490 masu ɗaya. Wanda ya yanke su ya tsaya kan na bakwai da 'yan na biyar, ⁵D₀ zai fito masa a wurin da ba nasa ba. Ko an yi komai daidai, kuskuren lissafin tiriflet na iya kai 1,000 zuwa 2,000 cm⁻¹, daidai girman tazarar da ake gardama a kai. Don haka awon gadoliniyam ne alƙali.

Injiniya Bala: Salam. Tunda an zo kan awo, ga tarkon na'ura. Mai raba haske yana barin ninki biyu na zangon fitila ya wuce. Ka haska a 306 nm, za ka ga tsini a 612, daidai kan layin yuropiyam. Ka haska a 272, ga shi a 544, kan koren tarbiyam. A 350 kuma ya faɗo kan 700. A sa matatar gilashi mai tare duk abin da ke ƙasa da 400 nm a gaban ƙofar fita. Gwajin gane shi: gusa zangon fitila da 5 nm, na ƙarya zai gusa da 10, na gaske ba zai motsa ba.

Na biyu, bututun gano haske yana rasa ji a ja mai nisa. In ba a kunna gyaran amsar na'ura ba, layin 700 nm zai fito ƙarami fiye da gaskiyarsa, duk lissafin da aka gina a kai ya karkace. Na uku, tsagar fita. A 5 nm layukan sun narke cikin juna. Mai son ƙirga rassa ya sauko ƙasa da 0.5 nm, in da hali a 77 K. Na huɗu, shan hasken ruwan haɗin a zangon fitila kada ya wuce 0.1, in ba haka ba gaban kubet, kwalbar awo, ya shanye hasken kafin ya kai tsakiya. Kuma TTA yana ƙonewa a UV, a rufe ƙofar fitila tsakanin awo da awo.

Farfesa Garba: Batun ƙirga rassa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan yuropiyam ya fi duk 'yan uwansa amfani. ⁵D₀ ba ya tsagewa, J ɗinsa, ƙaramin adadin da ke ƙarshen sunansa, sifili ne. To duk rassan da ka gani na matakin ƙasa ne, kuma ba za su wuce 2J+1 ba. Layin ⁷F₀ a wajen 580 nm ɗaya ne tilo ga kowane irin mazauni, kuma ba ya fitowa sai a siffofi masu ƙarancin daidaito da ake kira Cs, Cn da Cnv. Ka ga biyu a nan, to iri biyu ne na yuropiyam a kwalbarka, koma ga maganar Malam Idi. Layin ⁷F₁ a wajen 592 ya kan fito ɗaya a siffa mai daidaiton kubu, biyu a mai kusurwa uku, huɗu ko shida, uku a abin da ya gaza haka.

Shi ⁷F₁ ta hanyar maganaɗisu yake sauka, halattacce ne, ƙarfinsa bai damu da ligan ba. ⁷F₂ a 612 zuwa 620 kuwa ta hanyar lantarki ne, aron halacci yake yi daga cuɗanyar 4f da matakai irin 5d, abin da Judd da Ofelt suka yi wa lissafi, kowa daban, a 1962. In ƙarfen na zaune a tsakiyar siffa mai cibiyar juyawa, aron ba ya samuwa, 592 ya rinjaya, hasken ya koma ruwan lemo. A beta-dayikiton siffar a karkace take, ligan kuma mai saurin lanƙwasar gajimaren ilektiron ne, sai 612 ya ninka 592 fiye da sau goma. Jan da Aminu ya gani ke nan.

Dakta Rabi: Kuma tunda ⁷F₁ ma'auni ne na cikin gida, da shi ake raba abubuwa ukun da na faɗa. Lissafin Werts da abokan aikinsa na 2002: 1/τrad = 14.65 × n³ × (I duka / I na ⁷F₁), a s⁻¹, τrad tsawon ran hasken in babu asarar zafi, I faɗin layi, n ma'aunin karyewar haske. A gari akan ɗauki 1.5, ya ba da kusan 49 s⁻¹. A ce faɗin duka layukan ya ninka na ⁷F₁ sau 20, τrad ya zama kusan 1.0 ms. In τ da aka auna 0.7 ms ne, ribar ƙarfen kansa 70 cikin ɗari ce. In ribar haɗin gaba ɗaya, wadda aka auna da ƙwallon tara haske, 45 ce, to eriya tana isar da 45/70, kusan 64 cikin ɗari. Yanzu ka san inda za ka sa hannu. Wannan dabara ta yuropiyam ce kaɗai, tarbiyam ba shi da layin maganaɗisu zalla da za a jingina da shi.

Aminu: Wannan ya warware mini da yawa. Saura ɗaya: me ya sa seriyam a fitilun LED farare yake ba da faffaɗan haske, alhali shi ma lantanaid ne?

Farfesa Garba: Domin ba f zuwa f ba ne. Ce³⁺ 4f¹ ne, ilektiron ɗin yana hawa 5d, wanda ke waje, ligan na taɓa shi sosai. Tsallen halattacce ne, τ 'yan gomman nanosakan, launi kuma yana bin mazauni: a lu'ulu'un YAG rawaya ne wajen 550 nm, a wasu mazaunan shuɗi ko UV. Eu²⁺ ma haka, τ wajen maikirosakan guda. Duk abin da muka faɗa kan eriya bai shafe su ba.

Malam Idi: Ta ɗaya gefen kuma, masu fitar da hasken da ya wuce ja, Nd³⁺ a 1,060 nm, Yb³⁺ a 980, Er³⁺ a wajen 1,530, matsalar jijjiga da Dakta Rabi ta faɗa ce ta ninku. Tazarar arbiyam (Er³⁺) kusan 6,500 cm⁻¹ ce, O–H biyu sun cike ta, C–H biyu ma, masu 2,950 kowanne, sun kusa. Korar ruwa kaɗai ba ta isa ba, haidirojin ɗin jikin ligan ma ɓarawo ne. Sai a musanya C–H da C–F mai jijjiga wajen 1,200, ko da C–D, a yi awo a ruwan narkarwa mai diyuteriyam.

Injiniya Bala: Kuma bututun gano haske na yau da kullum ba ya ganin komai bayan wajen 850 zuwa 900 nm. Sai an sa na InGaAs, a canza mai raba hasken zuwa wanda aka yanka don wannan zango, a kuma sa matata mai tare hasken ligan, don ninki biyu na 490 nm yana faɗowa daidai kan 980.